Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Riƙe Da Tarihin Maƙeran Sheffield

Zuwa ga Sarkin Maƙeran Hallamshire da dattawan ƙungiyarsa, da Majalisar Birnin Sheffield, da masu kula da gidajen tarihi da ma'ajiyar takardun birnin.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto wannan takarda ne da yawun wasu iyalai Hausawa mazauna wannan birni, 'yan Najeriya da Nijar da Gana. Wasunmu karatu ya kawo su, wasu aikin asibiti, wasu kuma a nan aka haifi 'ya'yansu, ba su san wani gida da ya wuce Sharrow da Nether Edge ba. Ni kaina jikan maƙera ne, na tashi da ƙarar masaba a kan uwar maƙera, shi ya sa 'yan'uwa suka ɗora mini wannan nauyi.

Abin da ya tayar da maganar shi ne shekarar 2026, wadda ta cika shekara 150 da rasuwar George Wostenholm, babban mai masana'antar wuƙaƙe na Sheffield, ta kuma cika shekara 200 da mallakar I*XL da ya yi, tambarin da ake bugawa a jikin wuƙaƙensa. Muna gudun kada wannan lokaci ya wuce shiru, ko kuma a tuna da shi yadda aka saba tunawa da manyan attajirai, wato a ambaci sunan mutum ɗaya, a yaba hazaƙarsa, a tashi. Mu da muke bin titin Wostenholm da titin Washington kullum, zuwa kanti ko kai yara makaranta, muna ganin labarin ya fi haka faɗi, kuma wani yanki nasa ya biyo ta ƙasashenmu.

Ba mu zo rage wa mutumin daraja ba. An haife shi a 1800 a gidan masu ƙera wuƙa, ya koyi aiki a hannun mahaifinsa a masana'antarsu ta titin Rockingham, ya gaji harkar bayan rasuwar uban a 1833. A 1848 ya sayi babbar masana'antar da ake kira Washington Works a titin Wellington, inda ma'aikata suka riƙa ƙaruwa har suka kai wajen 800, a zamanin da yawancin wuƙaƙen garin a ƙananan ɗakuna ake yin su, mutum biyu ko uku a ɗaki. A babban baje-kolin Landan na 1851 ya nuna wuƙaƙen farauta da suka ciyo masa lambar yabo. A 1856 ya hau kujerar da kai, ranka ya daɗe Sarkin Maƙera, kake kai yau. Ya haye tekun Atlantika zuwa Amurka sau da dama, masu tarihi na ƙiyasta kusan sau 30, a lokacin da tafiyar ke cin makwanni, kuma ba kowa ke dawowa ba. Duk wanda ya san fatauci zai sara wa irin wannan naci.

Kukanmu na farko shi ne yadda ake barin abokan cinikinsa a baya. Wostenholm bai buɗe kasuwar Amurka shi kaɗai ba. Wajen 1830 ya ƙulla tarayya da William Stenton, gogaggen mai sayen wuƙaƙe wanda ya yi aiki da gidan fatauci na Naylor da Sanderson, ya kuma san abin da 'yan kasuwar Amurka ke nema da farashin da za su iya biya. Tarayyar ba ta daɗe ba, amma ta nan ƙofar ta buɗe. Bayan Stenton akwai wakilai da suka zauna a New York suna karɓar kaya, suna bin bashi, suna aiko da labarin irin wuƙar da ke tafiya da wadda ta kwanta. Akwai masu manyan shagunan kayan ƙarfe da ke sara su rarraba zuwa garuruwan kogin Mississippi da yammacin ƙasar. Kafin a kai ga wuƙar ma akwai masu kawo baƙin ƙarfe daga Suwidin ta tashar Hull, da masu narka shi a tukwanen yumɓu bisa dabarar da Benjamin Huntsman ya fito da ita a shekarun 1740. Mu mutanen kasuwa mun san cewa falke ba ya cin riba sai da dillali da fatoma da mai jaki. Idan aka cire waɗannan daga labarin, yaro zai tashi da zaton cewa arziki hazaƙar mutum ɗaya ce, alhali abin da ya riƙe cinikin shi ne amana tsakanin mutanen da teku ya raba, waɗanda wasiƙarsu ke yin wata guda kafin ta isa, kuma kaya ke fita bashi ba a san ranar da kuɗi zai dawo ba.

Wannan gibi yana da illa a zahiri. Ɗiyata ta dawo daga wani yawon buɗe ido na makaranta tana lissafo mini sunayen masu masana'antu, Rodgers da Wostenholm da sauransu, tana murna. Da na tambaye ta wa ke sayen wuƙaƙen, kuma ta yaya suke isa hannunsa, sai ta yi shiru, can ta ce ai a Ingila ake amfani da su. Ba ta san cewa gidan Wostenholm kusan da kasuwar Amurka kaɗai ya rayu ba, har sunan masana'antarsa na shugaban Amurka na farko ne. Ba ta san cewa unguwar da take wasa a cikinta, da faffaɗan titunanta masu jerin itatuwa, da kuɗin wannan ciniki aka shata ta ba, lokacin da Wostenholm ya gina gidansa na Kenwood ya kuma ɗauko mai tsara lambuna Robert Marnock ya tsara masa filayen. Gidan yana nan, ya zama otal. Masana'antar da ta samar da kuɗin gina shi kuwa an rushe ta a shekarun 1970. Baƙo zai iya kwana a gidan maigida, amma ba zai iya taka ɗakin da aka yi aikin ba.

Na biyu, kuma shi ne ya fi taɓa mu, maganar ƙota. Wuƙa ba ruwanta kaɗai ba ce. Manyan wuƙaƙen Sheffield na wancan ƙarni, na aljihu da na teburi da asake, da ƙahon barewar Indiya ake yi musu ƙota, da ƙahon ɓauna, da ɓawon kunkurun teku, da katakon ƙasashe masu zafi, sannan mafi daraja duka, da hauren giwa. Sheffield na cikin garuruwan da suka fi cin haure a duniya a ƙarni na 19. Kamfanin wuƙaƙe na Joseph Rodgers da ke titin Norfolk a wancan zamani yana da ɗakin ƙasa na musamman da ake jibge haure, har baƙi na zuwa kallo. Mafi yawan hauren nan daga Afirka ya fito, ya bi ta kasuwannin gwanjo na Landan da Liverpool, daga baya da Antwerp, kafin ya iso hannun masu yanka shi a nan.

Na taɓa riƙe irin wannan wuƙa a wani shagon tsofaffin kaya. 'Yar ƙarama ce ta aljihu, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, da tambarin I*XL a gindin ruwanta. Ƙotar ta yi ruwan ƙwai saboda tsufa, ta yi santsi a inda babban yatsan mai ita ya riƙa dannawa, idan ka karkata ta ga haske kana ganin siraran layukan nan masu giciye da ba a samu sai a haure. Na buɗe ta, ta yi ƙas, na rufe, ta koma mazauninta ba ko girgiɗi, bayan shekaru fiye da ɗari. Na yaba wa hannun da ya yi ta. Amma tunanina ya tafi ga wani hannun, wanda ya ɗauko hauren a ka daga daji.

Wannan hannu ba baƙo ba ne a wurinmu. Fataken Hausawa suna cikin manyan masu cinikin haure a ƙarni na 19. Sukan nausa Adamawa, su kai Banyo da Tibati da Ngaundere, wasu su zarce kudu har dazukan da ke bayan nan, su sayi haure a hannun maharba da sarakuna. Wani a kawo shi Kano, a ɗaure a kan raƙuma, ayari ya bi ta Damagaram da Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus, daga can jirgin ruwa ya kai shi Turai. Wani kuma a gangara da shi Binuwai a sayar wa kamfanonin Turawa da ke kan kogi. Tafiyar Sahara kaɗai watanni take ci. Mutane sun mutu a hanya da ƙishirwa da harin 'yan fashi, kuma gaskiya ce mai ɗaci cewa cikin masu ɗaukar kayan akwai bayi. Giwaye kuwa an ƙarar da su a wurare da dama da a da suke yawo garke-garke. Cinikin ma ba hanya ɗaya yake bi ba. A shekarar da Wostenholm ke baje wuƙaƙensa a Landan, wato 1851, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, yana Kano, inda ya tarar da ruwan takubba na garin Solingen na Jamus da asake daga ƙasar Ostiriya da yadin Manchester a kasuwa. Kakanninmu masu sayen ƙarfen Turai ne, masu kuma sayar mata da abin yin ƙota. Suna cikin wannan ciniki tsundum.

Saboda haka idan aka ajiye wuƙa a cikin gilashi aka rubuta sunan kamfani da shekara da kalmar haure kawai, an yanke rabin tafiyarta. Ɗan Afirka da ya tsaya gaban gilashin ba zai san cewa yana da alaƙa da abin da yake kallo ba, ɗan Ingila kuma ba zai san iyakar inda hannun garinsa ya kai ba. Mu ba neman a ɗora wa wani laifi muke yi ba, domin in ana rabon laifin haure, namu kakannin ma suna da kaso. Muna neman a faɗi abin da ya faru ne.

Akwai kuma wata matsala ta yau da ta taso daga nan. Dokar haure ta 2018, wadda ta fara aiki a 2022, ta hana saye da sayar da kayan haure a Birtaniya sai 'yan kaɗan da aka keɓe, kamar tsohon abin da aka yi kafin 1947 wanda hauren jikinsa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Muna goyon bayan dokar, domin giwayen da suka rage sun cancanci kariya. Sai dai wuƙar teburi mai ƙotar haure galibi ta wuce wannan ma'auni. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda mahaifinta ya yi aikin haɗa wuƙa duk rayuwarsa, ta nuna wa maiɗakina akwatin wuƙaƙen da ya bari, ta ce ba ta iya sayarwa, jikokinta ba sa so, tana tunanin zubarwa kafin ta koma ƙaramin gida. Irin wannan akwati ba ita kaɗai ke da shi ba a garin nan. Duk wanda ya tafi bola ya tafi da shaidar da ba za a sake samu ba.

Na uku, masu wasa wuƙa. Kaifin da Amurkawa ke biyan kuɗi dominsa, a huhun waɗannan mutane aka biya shi. Mai wasa wuƙa yakan hau wani benci kamar mai hawan doki, ya sunkuya a kan dutsen yashi da ke juyawa, tun da ruwan kogunan Porter da Rivelin da Loxley da Sheaf ke juya shi har aka koma injin tururi. Yawancinsu ba ma'aikatan albashi ba ne. Hayar wurin zama suke yi, su sayi dutsensu da kuɗinsu, a biya su gwargwadon abin da suka wasa. Ƙurar dutse da ta ƙarfe tana shiga ƙirji a hankali har numfashi ya gagara. Masu wasa cokali mai yatsu, da yake a busasshen dutse suke aiki ba ruwa, su suka fi mutuwa da wuri, da wuya ɗayansu ya ga shekara 40. Likitocin garin nan, Arnold Knight da Calvert Holland, sun rubuta wannan tun kafin tsakiyar ƙarnin, ba ɓoyayyen abu ba ne. Wani lokaci kuma dutsen kan fashe yana tsakiyar gudu ya hallaka wanda ke kansa. Ga matan da ke goge kaya su fito da ƙyalli, suna naɗe jikinsu da takardar ruwan ƙasa saboda baƙin mai da yashi. Ga yara ƙanana da ake sa wa aiki tun ba su kai shekara 12 ba.

Na san me ake nufi da ƙurar ƙarfe. Kakana idan ya yini yana gyara bakin fartanya da magagari, da yamma in ya yi kaki baƙi ne. Shi a fili yake aiki, iska na kaɗawa. Ina tuna shi duk lokacin da na shiga tsohon ɗakin wasa wuƙa na Shepherd Wheel da ke bakin Porter, na ga ƙanƙantar tagogin da duhun wurin. Muna godiya da aka adana wannan ɗaki, da tsohuwar maƙerar Abbeydale, da tanderun ƙarfe na titin Doncaster. Amma tarihin attajiri da tarihin mai wasa wuƙa sun zama kamar ba su san juna ba, ɗaya a babban zauren ƙungiyar maƙera da ke titin Church, ɗaya a bakin rafi, alhali wuƙa ɗaya ce ta bi ta hannunsu duka.

Na huɗu, su wa suka sayi kayan, kuma me suka yi da su. Wuƙar da ta fi ɗaukaka sunan I*XL a Amurka ita ce babbar wuƙar nan da ake kira Bowie, da sunan Jim Bowie, wanda ya yi suna bayan wani faɗa a kusa da Natchez a 1827, ya kuma mutu a yaƙin Alamo a 1836. Shi da ɗan'uwansa sun yi fataucin bayi. Maƙeran Sheffield ne suka cika kasuwar Amurka da irin wannan wuƙa, suna zana mata kirari a jiki gwargwadon abin da mai saye ke son ji. Ta tafi wurin masu haƙar zinariya a Kalifoniya bayan 1849, ta tafi jihohin kudu inda arzikin auduga ke kan wuyan bayi baƙar fata har zuwa 1865, ta shiga yaƙin basasar ƙasar a ɗamarar sojojin ɓangarorin biyu, ta kuma bi masu kutsawa ƙasashen 'yan asalin nahiyar. Wannan ma yana cikin lissafin ribar. Garin nan yana da abin alfahari a ɗaya gefen: Olaudah Equiano, tsohon bawa ɗan Afirka da ya zama mai yaƙi da bauta, ya zo Sheffield a 1790, Mary Anne Rawson da 'yan'uwanta mata sun kafa ƙungiyar yaƙi da bauta a 1825, Frederick Douglass, wanda ya kuɓuta daga bauta a Amurka, ya yi jawabi a nan a 1846. Birnin da ya karɓi waɗannan mutane ba zai kasa faɗin inda wuƙaƙensa suka je ba.

Yadda cinikin ya karye ma darasi ne da ya kamata a koyar sosai. Maƙeran Sheffield da kansu suka yi ƙaura zuwa Amurka da sana'arsu a hannu, wasunsu suka kafa masana'anta a Walden ta jihar New York. Jamusawan Solingen suka shigo da kaya masu arha, wasu ma da tambarin jabu, abin da ya taimaka wajen kafa dokar tambarin kaya ta 1887. Sannan a 1890 Amurka ta ɗaga kuɗin fito da dokar McKinley, kasuwar da gidan Wostenholm ya jingina da ita ta ƙuntace. Wostenholm ya riga ya rasu tun 1876, bai bar ɗa ba, kamfanin ya ci gaba a hannun wasu yana ja da baya sannu a hankali, har aka haɗe shi da na Rodgers a 1971, ba a daɗe ba kuma duka biyun suka durƙushe. Yau kamfanin Egginton ne ke riƙe da sunayen yana ƙera wuƙa da su a cikin garin. Duk ɗan kasuwar da ya zuba ƙwansa a hannun mai saye ɗaya yana da abin koyo a nan, ko a Sheffield yake ko a ina.

Sana'ar kanta tana gab da ƙarewa. Stan Shaw, wanda ya yi aikin wuƙar aljihu da hannu kusan shekara 80, ya rasu a 2021. Ƙungiyar Heritage Crafts ta sa yin wuƙar aljihu da yin almakashi cikin jerin sana'o'in da ke fuskantar ɓacewa a Birtaniya. Masana'antar Portland Works, inda aka fara ƙera wuƙar da ba ta tsatsa a 1914 da ƙarfen da Harry Brearley ya gano, ba don jama'a sun haɗa kuɗi sun saye ta a 2013 ba, da ta zama gidajen kwana. Sana'ar hannu ba ta zama a takarda. Ranar da mai ita na ƙarshe ya tafi ba tare da almajiri ba, ta tafi ke nan.

Ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon Majalisar Birni ta kafa allo na dindindin a titin Wellington, a inda Washington Works ta tsaya, wanda zai faɗi girman wurin, da irin ayyukan da aka yi a ciki, da ƙasashen da kaya suka fito da waɗanda suka tafi. A sa sunan Stenton, a sa maganar masu wasa wuƙa da matan da ke goge kaya. A yi wani makamancinsa a Kenwood, domin mai wucewa ya haɗa gidan da masana'antar a zuciyarsa.

Muna roƙon ma'ajiyar takardun birni ta ɗauki hoton takardun kamfanin Wostenholm da ke hannunta, musamman wasiƙun cinikin Amurka da littattafan lissafi, ta ɗora su a intanet kyauta. Masu aikin sa-kai na tarin kayan aiki na Hawley a gidan tarihi na Kelham Island sun riga sun nuna hanya da tarihin sunayen maƙera da suke tattarawa, Allah ya saka musu. A tallafa musu da kuɗi da ma'aikata, kada aikin ya tsaya a kan ƙarfin tsofaffi masu ba da lokacinsu kyauta. A kuma nemi jami'o'in garin biyu su ware gurbin bincike kan hanyar haure, daga littattafan masu yanka shi a nan, zuwa dillalan Landan da Liverpool, zuwa Tarabulus da Binuwai, tare da malaman tarihi na Kano da Zariya da Yamai da Ngaundere, waɗanda ke da labarin baka da takardun ajami da na Larabci da ba za a same su a Ingila ba.

Muna roƙon gidajen tarihi su gyara bayanan da ke jikin wuƙaƙe masu ƙotar haure, ko da layi biyu ne, a ce daga wace nahiya abin ya fito, ta wace hanya, da abin da ya jawo wa mutane da dabbobi. Su kuma buɗe wata ƙofa bayyananniya, a sanar da ita a unguwanni da ɗakunan karatu, inda iyalai za su kawo tsofaffin wuƙaƙen gado a duba, a ɗauki hoto, a naɗi labarin wanda ya yi su, a karɓi waɗanda suka cancanci ajiya. Doka ta bar wa gidajen tarihi wannan dama, kuma dattawan da ke riƙe da akwatunan ba za su daɗe suna jira ba.

Gare ka kuma, ranka ya daɗe Sarkin Maƙera. Ƙungiyarku tun 1624 take tsaron sunan Sheffield a jikin ƙarfe, ta cika shekara 400 a 2024. Muna roƙon ku ɗauki nauyin almajirai, ko da kaɗan ne a kowace shekara, a zaunar da su gaban maƙeran da suka rage, da albashin da zai riƙe su har su ƙware. A buɗe ƙofar ga dukkan 'ya'yan garin, har da na baƙi. A cikinmu akwai samari da 'yan mata da suka fito daga gidajen ƙira da dukanci da sassaƙa, hannunsu ya san aiki tun daga gida, amma ba su san ta inda ake shiga ba. Muna kuma roƙon a keɓe rana ɗaya a zaurenku domin tunawa da masu wasa wuƙa da suka mutu da ciwon ƙirji, a gayyaci zuriyarsu su zauna a gaba.

Ga makarantu, muna roƙon a shirya darasi ɗaya tak da zai bi wuƙa guda daga farko zuwa ƙarshe: ƙarfe daga Suwidin, haure daga Afirka, aiki a Sheffield, jirgi daga Liverpool, shago a New York. Malamin tarihi da na labarin ƙasa da na lissafi duk za su sami abin koyarwa a ciki.

Daga namu ɓangaren, a shirye muke mu fassara alluna da bayanai zuwa Hausa da Faransanci da Larabci ba tare da an biya mu ba, mu haɗa ku da masana a gida, mu kuma zo da iyalanmu duk ranar da kuka kira taro. Muna roƙon ku ba mu amsa a rubuce, ku sa mana ranar da wakilanmu za su zauna da naku kafin watan Agusta, watan da Wostenholm ya rasu.

Allah ya ja zamaninku, ya ba ku ikon riƙe amanar da ke hannunku.

Naku cikin girmamawa,
Wani jikan maƙera mazaunin Sharrow, a madadin iyalan Hausawa na Sheffield.